Yadda Ake Shirya Walimar Babbar Sallah Don Marayu da Gidaje Masu Ƙaramin Ƙarfi

Da zarar watan Zulhajji ya kama, ƙungiyoyin unguwa da kwamitocin masallatai da na tsofaffin ɗalibai sukan tashi haiƙan neman yadda za su faranta wa marayu da gidajen da babu ta yi wa katutu. Niyya ba ta ƙaranci, kuɗi ma sau da yawa ana samu. Abin da ke ɓata aikin shi ne a haɗa rabon kaya da taron cin abinci wuri ɗaya, lokaci ɗaya, sannan a yi shela duk gari ya ji. Tsarin nan ya raba su biyu: nama da kayan awo a kai wa mutane har gida ran biyu ga Sallah, walima kuma a yi ta ran uku, ga waɗanda aka gayyata da kati. An yi lissafin a kan gida 60, wato kusan mutum 300 da za su zo, 200 a ciki yara, sai masu aiki 40. Idan naku ya fi haka ko bai kai ba, sai ku ƙara ko ku rage daidai gwargwado.

Kayan da za a tanada

Na rubutu: babban littafi mai bango mai ƙarfi don rajista, wani daban don kuɗi, kwali kala uku na yin kati, hatimin ƙungiya, maka, da salatif na takarda wanda ake iya rubutu a kansa.

Na yanka: sa matsakaici guda ɗaya, igiya mai kauri, wuƙaƙe da gatari, sikeli, tamfol mai tsabta guda biyu, baho shida, bokitai, ledoji masu kauri, da duro biyu na ruwa.

Na girkin walima:
- shinkafa buhu ɗaya mai kilo 50
- man gyaɗa lita 10 na dafa-duka, da wata lita 10 ta suyar nama
- albasa kwano 4, tattasai da attaruhu, tumatir kwando ɗaya ko madadinsa
- magi, gishiri, kori, citta, tafarnuwa, masoro
- manyan tukwane biyar, kowace mai cin kilo 10 na shinkafa, da kaskon suya biyu
- itace ko gawayi, manyan kuloli, farantai ko robobi masu murfi 400, cokula
- ruwan leda jaka 50, mai guda 20 a ciki, wato kusan uku ga kowane mutum

Na kaiwa gida: shinkafa kwano ɗaya da man gyaɗa kwalba ɗaya ga kowane gida. Buhu mai kilo 50 yakan ba da kwano 18 zuwa 20, ya danganta da kwanon, don haka buhu uku da ɗan ƙari zai zagaya gida 60. Mai kuma jarka biyu masu lita 25.

Na wuri: tabarmi ko dardumai, kujeru kamar 40 na tsofaffi, rumfa idan babu inuwa, butoci, sabulu, ƙaramar lasifika mai batir, akwatin taimakon gaggawa, tsintsiya da buhunan zuba shara.

1. Kafa kwamiti, wata biyu kafin Sallah

Mutum bakwai sun isa. Aƙalla uku su zama mata, domin su ne ke shiga cikin gidaje, su suka san gidan da aka kwana biyu ba a ɗora tukunya ba. Mai ajiyar kuɗi daban, mai zuwa kasuwa daban, kuma kada mutum ɗaya ya je sayayya shi kaɗai. Kuɗi su shiga asusun ƙungiya mai sa hannun mutum biyu. In babu asusu, a rubuta kowace gudummawa a littafi a gaban mai bayarwa, a ba shi rasit.

2. Ware kuɗin tun daga hannun mai bayarwa

Ku tambayi kowa: wannan layya ce, zakka ce, ko sadaka? Hukuncinsu ba ɗaya ba ne, kuma in suka cakuɗe ba sa warwaruwa.

Zakka haƙƙin talaka ce, ana mallaka masa ita. Ba a biyan hayar rumfa ko ladan mai girki da ita. A sa ta a ambulan a miƙa wa gidan da ya cancanta.

Dabbar layya tana da sharuɗɗanta. A mazhabar Malikiyya, wadda ita aka fi bi a ƙasar Hausa, rago sai ya cika shekara, sa kuma shekara uku, kuma ba a yin karo-karo a kuɗin dabbar layya. Sauran mazhabobi sun yarda mutum bakwai su haɗu a kan sa ɗaya. Ba a sayar da namanta, ba a kuma biyan mahauci da nama ko fata. Ku zauna da limaminku tun farko ya faɗa muku wanda za ku bi. Abin da ya fi sauƙi ga ƙungiya shi ne ta sayi santa da kuɗin sadaka zalla, a yanka shi a matsayin sadaka, kamar yadda ake watanda. Wanda ya kawo ragon layyarsa sai a yanka masa da sunansa, a rubuta daban.

Ku ajiye kashi ɗaya cikin goma na kuɗin sadaka kada a taɓa. Farashin mota da itace da ruwa duk yana tashi a makon Sallah.

3. Tantance gidaje

A nan aikin yake, kuma a nan ya kamata ku fi daɗewa. Duk wani lissafi na gaba, daga girman sa har yawan cokula, daga wannan littafin zai fito.

Kada ku ce masu buƙata su zo su rubuta suna. Wanda zai fara zuwa ba lallai ne ya fi kowa buƙata ba, wanda ya fi buƙatar kuma sau da yawa kunya ba za ta bar shi ya fito ba. Aya ta 36 a Suratul Hajji, da take maganar naman hadaya, ta ambaci mutum biyu da za a ciyar: mai roƙo da wanda ya kame bai roƙa ba. Na biyun ne ke buƙatar a nemo shi.

Ku karɓi sunaye daga wurare da yawa: mai unguwa, liman, malaman Islamiyya da suka san yaran da aka kasa biya wa kuɗin wata, unguwarzoma, da mai shagon awo wanda littafin bashinsa ya san kowa. Sunan da ya fito daga baki biyu ko uku ya kusa tabbata. Sannan mutum biyu, mace da namiji ko mata biyu, su je gaisuwa gidan. Gaisuwa ce, ba bincike ba. Ba a leƙa ɗaki, ba a tambayar mace me ta ci jiya. Abin da ake buƙata kaɗan ne: sunan mai riƙe da gidan, yawan manya, yawan yara da shekarunsu, ko akwai tsoho ko mara lafiya da ba zai iya fita ba, da kwatancen gidan.

Wurare uku da ake yawan kuskure. Na farko, gidan haya: ƙofa ɗaya ce amma iyali biyar ne a ciki, don haka da tukunya ake ƙirga, ba da ƙofa ba. Na biyu, mamacin da ya bar mata biyu ko uku: kowace da lambarta da kasonta, kada a ba uwargida a ce ta raba. Na uku, maraya da ke hannun kawu ko goggo mai hali, yayin da maƙwabcinsu mai uba a raye, amma uban yana kwance shekara guda, ya fi shi shiga matsi. A duba halin da ake ciki, ba suna kaɗai ba. Idan ɗan kwamiti yana da ɗan'uwa a cikin jerin, ya faɗa, sauran su yanke hukunci ba tare da shi ba.

Ku tsaya a adadin da kuɗinku zai ɗauka. Gida 60 da aka wadata sun fi gida 200 da kowa ya samu tsoka uku. Ragowar sunaye a rubuta su a shafin jira, in ƙarin gudummawa ta shigo a ɗauko daga sama.

4. Kati, da kame baki

Kowane gida kati ɗaya, ɗauke da lambar gidan, sunan mai riƙe da shi, yawan mutanen da za su zo, rana, lokaci, wuri, hatimi da sa hannu. A sama a rubuta "Gayyatar Walimar Sallah". Kada kalmar marayu ko mabuƙata ta fito a kati, ko a kyalle, ko a riga. Kala uku, gida ashirin-ashirin, da tazarar minti 20 a lokacin zuwa: kore 10:00, ruwan ɗorawa 10:20, fari 10:40. A kai katin hannu da hannu kwana uku kafin Sallah. In aka raba da wuri yana ɓata, ko a kwaikwaye shi.

Ba sanarwa a rediyo, ba a Facebook, ba a lasifikar masallaci. A ranar 18 ga Disamba 2024, yara 35 suka mutu a turmutsutsi a wani bikin yara a Ibadan, bayan an yi ta shela a rediyo cewa za a raba kuɗi da abinci. Kwana uku bayan nan mutum 10 suka rasu wurin rabon abinci a wani coci a Maitama, Abuja, wasu 22 kuma a Okija ta jihar Anambra. Duk masu shiryawar alheri suka nufa. Jama'a ne suka yi sammako suka taru a bakin ƙofa fiye da yadda wurin zai ɗauka, da aka buɗe na baya suka turo na gaba. Masu ba da gudummawa ma a roƙe su kada su yaɗa rana da wuri, su bari sai an gama.

5. Wuri da masu tsaro

Makarantar firamare ko Islamiyya mai katanga da ƙofa biyu ta fi ko'ina. Ana hutu, akwai azuzuwa masu inuwa, akwai banɗaki, akwai filin wasa. Fili buɗaɗɗe ba shi da ƙofar da za a tsare, zauren taro mai bene kuma matakala ce matsalarsa. Ku nemi izini a rubuce, ku sanar da mai unguwa da ofishin 'yan sanda mafi kusa. 'Yan agaji shida zuwa takwas sun isa, da mata a cikinsu, kuma a gaya musu ba bulala, ba sanda.

A 'yan shekarun nan Babbar Sallah tana faɗowa a farkon damina: 16 ga Yuni a 2024, 6 ga Yuni a 2025, tana ja baya da kusan kwana 11 duk shekara. Ga zafi, ga iska mai ɗaga rumfa. In za a kafa rumfa a ɗaure ƙafafunta da turaku, kuma a gama taro kafin azahar. A garuruwan da ake hawan Sallah, ku duba hanya. A Kano ran biyu ake Hawan Daushe da yamma, ran uku Hawan Nassarawa da safe, kuma a shekarar da aka yi hawa tituna da dama sukan toshe.

6. Sayen sa da kayan abinci

Hatsi da mai da magi a saye su wata guda kafin Sallah. Sa kuma kwana goma zuwa mako biyu: in ya wuce haka kuɗin harawa da dusa zai cinye ribar, in aka bari sai jajibiri kuma sai abin da dillali ya ce. Manyan kasuwannin dabbobi kowace da ranarta: Wudil Juma'a, Maigatari Alhamis, Potiskum Laraba, Mai'aduwa Lahadi. Ku tafi da mahaucin da zai yi muku aikin, shi ya san abin da zai fito. A yi maganar la'ada da kuɗin mota kafin a sallama.

Kada girman ciki ya ruɗe ku, domin akan ɗura wa dabba ruwa ta kumbura. A shafa gadon baya da cinya da ƙirji. A sa shi ya yi tafiya a ga ko yana ɗingishi. Ido garau, hanci da danshi amma ba majina, baki ba dalala, kofato ba gyambo, baya ba alamar zawo. A tambaya ko an yi masa allura kwanan nan, don magani yana ɗaukar kwanaki kafin ya fita daga nama.

Lissafin nama: dabba tana ba da kusan rabin nauyinta nama da ƙashi. Sa mai kilo 250 zai ba da kusan 120 zuwa 130, ban da kai da ƙafa da kayan ciki. Kilo 30 na tukunyar walima, kilo 90 na gidaje. Idan kuɗi bai kai na sa ba, ku shiga watanda ku sayi kaso, ko ku sayi tumaki da awaki. Rago mai kilo 40 bai wuce ya ba da 18 zuwa 20 ba, shi ya sa a lokacin Sallah naman sa ya fi araha nesa ba kusa ba.

Tumatir a wannan lokaci yana tsada kuma yana saurin ruɓa. Busasshen tumatir da tattasai, a jiƙa su a wanke ƙasa sosai a markaɗa, a haɗa da na gwangwani, suna yin dafa-duka mai kyau.

Maganar ɗinki: in za ku yi, sai an kai wa tela wata ɗaya da rabi kafin Sallah. Turmin atamfa yadi shida ne, yana yi wa yara mata biyu. Amma kada a yi musu anko. Yara hamsin cikin yadi iri ɗaya, duk unguwa ta san kayan ƙungiya ne, kuma yaron da ya fara wayo ba zai sake sa su ba. A sayo kala daban-daban. In kuɗi ya yi kaɗan a bar ɗinki, gidaje da yawa na Ƙaramar Sallah suke maimaitawa.

7. Yanka da rabo, ran biyu ga Sallah

Ranar Sallah mahauta ba sa samuwa, masu aikinku ma suna fama da nasu ragunan. Ran biyu ya fi, kuma yana cikin kwanakin layya. A daina ba wa san abinci tun daren jiya, a bar masa ruwa kawai, fiɗa ta fi sauƙi kuma tumbi ba ya fashewa. A haƙa rami na jini da ƙazantar ciki nesa da inda za a yanyanka nama. A yanka da hantsi ya fara, wajen ƙarfe bakwai. Mahauta uku ko huɗu za su gama cikin awa uku.

A duba hanta da huhu kafin a taɓa rabo. Hantar da aka tsaga aka ga tsutsa ko fararen jijiyoyi masu tauri, a binne ta. Huhu ko haƙarƙari mai ƙuraje masu ruwan cuku alama ce ta tarin fuka, a dakata a kira malamin dabbobi ya duba gaba ɗaya naman.

A fara cire kilo 30 na walima. Sauran a shimfiɗa tamfol a inuwa a kasa shi kashi 75, kowane kusan kilo ɗaya da gram 200. Gida mai mutum bakwai zuwa sama kashi biyu, sauran ɗaya. A zagaya da tsoka tukuna har ta ƙare, sannan ƙashi, sannan kitse, sannan hanta, yadda babu wanda zai buɗe ledarsa ya tarar da ƙashi zalla. A ɗora kowane kashi a sikeli. Tumbi da hanji kada su shiga leda ɗaya da nama, su ne ke fara wari su ɓata sauran. A wanke su a ajiye don farfesun tsofaffi. Kai da ƙafafu a ba gidaje mafi yawan jama'a.

Babban abin da ke lalata nama shi ne a ƙulle shi a leda da ɗuminsa a jibge a rana. A bar shi ya sha iska, a sa a leda dab da tashi, kada a ƙulle bakin tamau. Tawaga huɗu a A-daidaita-sahu, kowace gida 15, da takardar sunaye. Kafin ƙarfe ɗaya kowa ya karɓi nasa.

Tare da naman a miƙa kwanon shinkafa da kwalbar mai da ambulan in akwai. Man nan ba ƙari ba ne. Gidan da ba firji, ba wuta, suya ce kaɗai za ta sa naman ya kwana biyu, kuma ba a suya da ruwa. A yi sallama, a ce ga barka da Sallah daga 'yan'uwa, a tuna musu lokacin gobe, a wuce. Ba hoto a ƙofar gidan kowa.

Da yamma a tafasa naman walima da albasa da citta da tafarnuwa da gishiri, a yanka shi yadda kowane faranti zai samu tsoka biyu, a soya ya soyu sosai, a baza a tire ya huce a rufe da abin da iska ke shiga. Romon a tafasa shi da dare, a sake tafasawa da asuba kafin ya shiga shinkafa. Wanda ya yi kumfa ko tsami a zubar.

8. Girki, ran uku

Shinkafar gida ce, a tsince a rege tun jiya. Kowace tukunya a auna mata nata a ajiye gefe: shinkafa kilo 10, mai lita biyu, markaɗe kashi ɗaya cikin biyar, magi ƙwaya 30 zuwa 40 gwargwadon ƙarfin romo. Mace ɗaya ce ke sa gishiri a duk tukwanen. Attaruhu a sassauta, yara ne suka fi yawa, mai son yaji a ajiye masa dakakke a gefe.

A hura wuta bayan sallar asuba. A soya albasa da markaɗe har mai ya taso sama, a zuba romo da ruwa, sai ya tafasa a zuba shinkafa. Ruwa ya ɗan haura kanta kaɗan, in ya kasa a ƙara mai zafi. Da ruwan ya tsotse a janye itace a bar garwashi, a rufe ruf ta turara. Babbar tukunya a kan wuta mai ƙarfi ƙasa ke ƙonewa sama bai dahu ba, yawan juyawa kuma shi ke caɓe ta. Sau biyu ya isa.

A gama wajen tara da rabi, a juye cikin kula da zafinta. Kada a zuzzuba a robobi tun da safe. Dafaffiyar shinkafa da ta huce ta zauna a zafin nan fiye da awa biyu tana iya sa amai da gudawa ko da ba ta yi wari ba. A zuba a faranti lokacin da mutane suka zauna.

Abin sha, zoɓo ya fi aminci, a dafa shi da ruwa mai tsabta a ɗura a gora. Kunun aya yana lalacewa cikin 'yan awoyi in babu ƙanƙara. Waina da miyar taushe ta fi kama da Sallah, gaskiya ne, amma ta mutum 340 sai an kwana ana suya. Sai in kuna da mata goma da tanda goma.

9. A bakin ƙofa da cikin fili

Masu aiki su iso ƙarfe takwas. A buɗe ƙofa tun kafin baƙi su fara zuwa, kada a bar kowa ya taru a waje yana jira. Teburin rajista a sa shi taku goma daga cikin ƙofa, mutum biyu a kai, ɗaya na duba kati ɗaya na yin alama a littafi. Ƙofa ta biyu ta fita ce, ba a kulle ta da kwaɗo, mutum ɗaya ya tsaya a wurin har a tashi. Duk yaron da bai kai shekara shida ba a rubuta lambar gidansu a salatif a manna masa a kafaɗa. In ya ɓace, lambar za a kira a lasifika.

Wadda ta zo da yara biyu fiye da abin da ke katinta, a bar ta ta shiga, an yi lissafin irin haka a buhun shinkafa. Wadda ta yar da kati a duba sunanta a littafi. Waɗanda ba a gayyata ba kuwa za su zo, almajirai da yaran maƙwabta, ƙamshi ba ya ɓuya. A ware musu faranti 50, amma kada a miƙa ko ɗaya ta bakin ƙofa. Mutum biyu su kai su can gefe, nesa da mashiga, a zaunar da su layi-layi, a ba su a zaune.

Ƙa'idar ciki ma ita ce wannan: ba a ba wanda yake tsaye, ba a kuma yin layin karɓar abinci. Kowane gida ya zauna a tabarmarsa, mata da ƙananan yara a azuzuwa, samari da dattawa a rumfa. A zagaya da buta da sabulu. Masu rabo biyu-biyu, kowane da ajinsa, a fara da tsofaffi da masu shayarwa. Masu aiki su ma su zauna su ci tare da baƙi, abinci iri ɗaya. Teburi na musamman da kaji na manyan baƙi yana mayar da sauran 'yan kallo.

Jawabi ɗaya, minti biyar, sai addu'a. Kada a kira yaro ya ba da labarin rasuwar mahaifinsa, kada a sa uwa ta yi godiya a lasifika. Ɗan siyasan da ya ba da gudummawa a gode masa da wasiƙa, domin in ya zo da tawagarsa, adadinku ya rushe. Bayan cin abinci a saki yara su yi wasa: ƙwallo, langa, 'yar gala-gala, tsallen igiya, kacici-kacici, da masu lalle biyu a aji ɗaya. Goron Sallah na yara a sa shi a ambulan da lambar gida a ba uwar a wurin zamanta. Ba a watsa kuɗi ko alawa sama, ko da wasa.

In masu ba da gudummawa na son hoto, a ɗauki tukwane, da kason nama, da fili daga baya. Fuskar yaro sai da yardar mai riƙonsa, kuma wanda ya ci abincinka yana jin nauyin ce maka a'a, don haka gara a bari.

A samu ma'aikaciyar jinya ɗaya a wurin, da mota a ajiye fuskarta na kallon hanya. A akwati a sa filasta, bandeji, farasitamol da ruwan gishiri da sukari. In na leda ya ƙare, ana haɗa shi da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta.

Wajen sha biyu da rabi a fara sallama, kala-kala kamar yadda aka shigo, gida goma a lokaci guda, ta ƙofar fita.

10. Bayan an watse

Kafin a wanke tukwane a buɗe littafi a ga gidajen da ba su zo ba. Mai takaba, da tsohuwar da ba ta iya tafiya, da wadda kunya ta hana, a zuba nasu da zafinsa a kai musu nan take. Abin da ya rage a kai makarantar allo mafi kusa kafin la'asar, kada ya kwana.

A share makaranta, a wanke banɗaki, a rufe ramin jini da ƙasa a danne da dutse saboda karnuka. Kayan haya a ƙirga a gaban mai su.

Cikin mako guda ma'aji ya fitar da lissafi: abin da ya shigo a kowane fanni, layya da zakka da sadaka, abin da aka kashe da rasit, abin da ya rage. A aika wa duk wanda ya bayar, a kuma karanta a taron ƙungiya. Adadin gidaje ake faɗa, ban da sunaye. A shafin ƙarshe a rubuta nauyin naman da san ya bayar, tukunya nawa aka ci, ruwa jaka nawa ya rage, da mutum nawa suka zo ba kati, don da waɗannan za a yi kasafin baɗi. Littafin rajista ya zauna a hannun mutum ɗaya, ba a ɗaukar hotonsa a tura a waya, ba a kuma ara wa mai neman ƙuri'a.